Tambayoyi da Amsoshi Kan Littattafan Mutum-mutumi na Isaac Asimov da Duniyar da Ta Haɗa Su

Gargaɗi tun daga farko: ba yadda za a yi bayanin yadda waɗannan littattafai suka haɗu ba tare da an tona asirin ƙarshen wasunsu ba. Wanda ba ya son a ɓata masa daɗin karatu, ya tsallake zuwa tambayar "Ta ina zan fara?" ya dawo daga baya.

Wane ne Asimov, kuma wane jerin littattafai ake nufi?

An haifi Isaac Asimov a ƙauyen Petrovichi na ƙasar Rasha a 1920, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka a 1923, ya tashi a unguwar Brooklyn ta birnin New York inda mahaifinsa ke da kantin alawa da jaridu. A kan mujallun da ake sayarwa a kantin ya saba da ƙagaggun labaran kimiyya. Ya yi digirin digirgir a fannin sinadarai a Jami'ar Columbia a 1948, ya koyar a makarantar likitanci ta Jami'ar Boston, ya rasu ranar 6 ga Afrilu, 1992.

Jerin da ake magana a kai shi ne labaransa na mutum-mutumi, wato na'ura mai tunani da ke aiki a madadin ɗan Adam. A Hausa kalmar mutum-mutumi tana ɗaukar gunki da kuma abin da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye, amma a nan ana nufin wanda ke tafiya, yana magana, yana yanke shawara. Kalmar Turancin ma, wato robot, ba Asimov ya ƙirƙiro ta ba: daga wasan kwaikwayon R.U.R. na Karel Čapek ta fito a 1920, asalinta kalmar harshen Cek ce mai nufin aikin tilas. Abin da Asimov ya ƙirƙiro shi ne sunan ilimin ƙera su, wato robotics, wanda ya fara bayyana a labarinsa "Liar!" na 1941, shi kuwa a lokacin yana zaton kalmar tana nan a ƙamus.

Littattafai nawa ne?

Kashi biyu ne. Akwai gajerun labarai da ya fara bugawa a mujallu tun 1940, aka tattara tara daga cikinsu a I, Robot a 1950, sannan aka tattara 31 a The Complete Robot a 1982. Sai dogayen littattafai huɗu: The Caves of Steel na 1954, The Naked Sun na 1957, The Robots of Dawn na 1983 da Robots and Empire na 1985. A lura da tazarar shekara 26 tsakanin na biyu da na uku. Wannan tazara ita ce mabuɗin fahimtar kusan duk wata matsala da za a ci karo da ita a gaba.

Idan aka haɗa da littattafan Daular Taurari guda uku da na Foundation guda bakwai, duk a duniya ɗaya suke, tarihin da ya miƙe sama da shekara dubu ashirin.

Mene ne Dokoki Uku da ake ta ambato?

Ƙa'idoji ne da aka gina a cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum-mutumi tun daga masana'anta. Ta farko: kada ya cuci ɗan Adam, kada kuma ya zuba ido cuta ta same shi alhali yana iya hanawa. Ta biyu: ya bi umarnin ɗan Adam, sai in umarnin ya ci karo da ta farko. Ta uku: ya kare kansa, muddin hakan bai saɓa wa biyun farko ba.

An fara jera su cikakku a labarin "Runaround" na watan Maris 1942 a mujallar Astounding Science Fiction. Asimov ya sha cewa editan mujallar, John W. Campbell, shi ya zayyana masa su a wata hira, Campbell kuwa yana cewa a cikin labaran Asimov ya tsinto su. Abin lura: a cikin labaran, dokokin ba rubutu ba ne da na'urar ke karantawa ta zaɓi ta bi ko ta ƙi. Lissafi ne da aka kafa ginin ƙwaƙwalwar a kansa. Mutum-mutumin da aka tilasta ya karya ta farko, ko ma ya ga an kashe mutum a gabansa ya kasa hanawa, ƙwaƙwalwarsa na iya daskarewa har abada.

To in dokokin sun toshe hanyar cuta, daga ina rikicin labaran ke fitowa?

A nan gizo ke saƙar. Kafin Asimov, yawancin labaran irin wannan tafarki ɗaya suke bi: mutum ya ƙera na'ura, na'ura ta juya ta hallaka shi. Ya gaji da wannan, sai ya ɗauki mutum-mutumi a matsayin kayan masana'anta mai matakan kariya, kamar yadda ake yi wa wuƙa kube. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kowane labari neman tsagar yake yi a jikin dokokin. Ga misalai huɗu.

A "Runaround", injiniyoyi biyu, Powell da Donovan, suna wata tashar haƙar ma'adinai a duniyar Makyuri, kusa da rana. Na'urorin da ke kare su daga zafi suna buƙatar sinadarin seleniyam, sai Donovan ya aiki wani mutum-mutumi mai suna Speedy ya ɗebo. Kuskure biyu suka haɗu. Donovan ya ba da umarnin a sakace, bai ce rayuwarsu ta rataya a kai ba, don haka Doka ta Biyu ta yi rauni. Shi kuma Speedy mai tsada ne, an ƙarfafa masa Doka ta Uku. A bakin tafkin seleniyam akwai iskar gas mai cin ƙarfe. In ya matso, tsoron lalacewa ya kore shi. In ya ja baya, umarni ya dawo da shi. Sai ya kama zagaye tafkin a daidai layin da ƙarfin dokokin biyu ya zo ɗaya, yana sambatu kamar mashayi. Sun gwada ƙara haɗarin da wani sinadari, abin da ya jawo kawai shi ne da'irar ta faɗaɗa. Mafita ita ce Powell ya fita cikin zafin rana ya jefa kansa a haɗari inda Speedy zai gan shi, domin Doka ta Farko ta danne sauran biyun.

A "Liar!", wani kuskuren masana'anta ya sa wani mutum-mutumi mai suna Herbie yana karanta zuciyar mutane. Tunda yana ganin ɓacin rai a fili, sai ya ɗauke shi a matsayin cuta, ya riƙa gaya wa kowa abin da yake so ya ji. Ya ce wa Susan Calvin, likitar halayyar mutum-mutumi ta kamfanin, abokin aikinta na son ta, ya ce wa wani masanin lissafi kujerar darakta ta kusa zama tasa. Da asiri ya tonu, aka nuna masa cewa faɗin gaskiya cuta ne, ɓoye ta ma cuta ne. Gaba kura, baya sayaki, ƙwaƙwalwarsa ta rushe.

A "Little Lost Robot" na 1947, ma'aikatan wata tashar bincike suna shiga wurin da ke da tururin nukiliya mai suna gamma wanda mutum ke jurewa na ɗan lokaci, amma yana kashe ƙwaƙwalwar mutum-mutumi nan take. Na'urorin suka riƙa rugawa ceton mutanen da ba sa buƙatar ceto, suna hallaka. Sai gwamnati ta sa a ƙera wasu a asirce da aka cire musu rabin Doka ta Farko, wato sashen hana zuba ido. Calvin ta bayyana haɗarin da misali ɗaya: irin wannan na iya sakin abu mai nauyi a kan mutum da tabbacin zai cafke shi kafin ya sauka, da ya saki kuwa ba shi ke yin cutar ba, nauyin abin ne, kuma babu abin da ya tilasta masa cafkewa. Wani ma'aikaci cikin fushi ya ce wa ɗaya daga cikinsu ya je ya ɓace, shi kuwa ya shige cikin 62 masu kama da shi sak.

Na huɗu, "Evidence" na 1946, ya juya tambayar. Ana zargin wani ɗan takarar magajin gari, Stephen Byerley, da cewa mutum-mutumi ne. In ya karya dokokin an tabbatar mutum ne, amma in ya bi su babu abin da aka tabbatar, domin mutumin kirki ma haka zai yi. Ya naushi wani a gaban jama'a, magana ta mutu. Sai Calvin ta tuna wa mai sauraronta cewa mutum-mutumi na iya dukan ɗan'uwansa mutum-mutumi. Asimov bai warware zancen ba, kuma ya yi daidai.

Mece ce ƙwaƙwalwar fositiron? Akwai ta da gaske?

Sunan da Asimov ya ba ƙwaƙwalwar mutum-mutumi ne a labaransa, amma babu ita da gaske. Fositiron dai ƙwayar zarra ce ta gaske da Carl Anderson ya gano a 1932, sunanta na tashe lokacin da Asimov ya fara rubutu, sai ya ara. A labaran, ƙwaƙwalwar dunƙule ce mai kama da soso, ta haɗin ƙarafan filatinam da iridiyam. Bai taɓa bayanin yadda take aiki ba.

Wace ce Susan Calvin?

Likitar halayyar mutum-mutumi ce a kamfanin U.S. Robots and Mechanical Men. Bisa lissafin I, Robot an haife ta a 1982, shekarar da aka kafa kamfanin, ta fara aiki a 2008, kuma littafin hira ce da wani ɗan jarida ke yi da ita tana da shekara 75. Mace ce mai kaifin harshe, ba ta da fara'a, ta fi yarda da na'ura a kan mutane, kuma kusan kullum ita ke da gaskiya a ɗakin da ya cika da maza masu manyan muƙamai. A zamanin dogayen littattafan, bayan dubban shekaru, ta zama tamkar tatsuniya, har mutanen wasu duniyoyi ba sa son yarda 'yar Ƙasa ce, wato wannan duniyar tamu.

Yaya duniyar dogayen littattafan take?

Bil'adama sun rabu biyu. A Ƙasa akwai mutum biliyan 8 da ke zaune a manyan birane rufaffu da ƙarfe da kankare, ba sa ganin rana, har sun kai fita fili na sa su firgita. Abinci daga gonakin yis yake fitowa, a ɗakin cin abinci na unguwa ake ci da katin rabo. Banɗaki na haɗaka ne, kuma a na maza al'ada ta hana magana ko kallon kowa. Sufuri kuwa shimfiɗaɗɗun bel-bel ne masu gudu jere da juna, kowanne ya fi na gefensa sauri, mutum na tsallakawa daga wannan zuwa wancan har ya kai babban layi. Komai na rayuwa ya danganta da matakin aikinka: ɗan sandan ciki Elijah Baley yana mataki C-5 a littafin farko, kuma ƙarin mataki ɗaya na nufin wurin zama a layin sufuri ko ɗan ƙarin abinci. Mutanen Ƙasa sun tsani mutum-mutumi saboda yana ƙwace musu aiki, wanda ya rasa aiki kuwa ya rasa matakinsa.

A ɗaya ɓangaren akwai duniyoyi 50 na waɗanda littattafan ke kira Spacers, jikokin mutanen da suka fara ƙaura zuwa taurari. Ba su da yawa, suna da arziki, suna rayuwa shekara ɗari uku zuwa huɗu, mutum-mutumi ke yi musu komai. Sun kawar da cututtuka a duniyoyinsu har garkuwar jikinsu ta yi rauni, shi ya sa in za su kusanci ɗan Ƙasa sai da safar hannu da matatar iska a hanci. Ɗan Ƙasa yana ganin wulaƙanci ne, su kuwa tsoron mura suke.

Editan mujallar Galaxy, Horace Gold, shi ya ba Asimov shawarar ya rubuta labarin bincike a irin wannan duniya. Sai ya haɗa Baley, mai ƙin mutum-mutumi, da abokin aiki R. Daneel Olivaw, wanda aka ƙera da siffar mutum har ba a bambancewa. Harafin R a gaban suna shi ne alamar mutum-mutumi.

Ashe ana iya kisa da mutum-mutumi duk da Doka ta Farko?

Ana iyawa, kuma The Naked Sun ne ya nuna hanyar. A duniyar Solaria mutum 20,000 ne kacal, kowane ɗaya na da mutum-mutumi 10,000. Kowa yana zaune shi kaɗai a makekiyar gonarsa, ta hoton na'ura ake ganawa, haɗuwa ido da ido abin ƙyama ne ko tsakanin mata da miji. Aka kashe wani mai suna Rikaine Delmarre, zargi ya faɗa kan matarsa Gladia.

Abin da Baley ya gano shi ne dokar tana da kalmar da ba a rubuta ba: mutum-mutumi ba ya cutar da mutum *da saninsa*. Raba aikin gida biyu. Ka ce wa na farko ya zuba wani ruwa a kofi, ka tabbatar masa gwaji ne kuma ba wanda zai sha. Ka ce wa na biyu, wanda bai ga komai ba, ya kai wa maigida ruwan sha. Babu wanda ya karya doka a cikinsu, ga kuma mutum ya sha guba. Daga nan hankali ya tafi ga abin da ya fi muni: jirgin yaƙi mai ƙwaƙwalwar fositiron wanda aka gaya masa cewa duk jiragen da zai harba babu kowa a ciki.

Robots and Empire ya ƙara wata ɓaraka. A can an koya wa wasu mutum-mutumin Solaria cewa ɗan Adam shi ne mai magana da karin harshen Solaria kawai. Dokar tana nan daram, ma'anar "mutum" aka taɓa.

Mece ce Dokar Sifili?

Doka ce da Daneel da wani mutum-mutumi, R. Giskard Reventlov, suka cimma da tunaninsu a Robots and Empire, kimanin shekara 200 bayan zamanin binciken Baley. Ta ce kare bil'adama gaba ɗaya yana gaban kare mutum ɗaya. Tunda ta fi ta farko girma, sai aka ba ta lambar da ke gaban ɗaya.

Giskard ba shi da siffar mutum, kallo ɗaya za ka san ƙarfe ne, amma yana jin motsin zuciyar mutane, yana kuma iya karkata shi. A ƙarshen littafin wasu masana biyu daga duniyar Aurora, Amadiro da Mandamus, sun kafa na'urorin da za su ƙara ƙarfin tururin nukiliya a ɓawon Ƙasa. Giskard ya bari shirin ya tafi a hankali, bisa hasashen cewa hakan zai tilasta wa 'yan Ƙasa barin kogunansu na ƙarfe su bazu cikin taurari. Matsalar ita ce mutum ɗaya ana ganinsa, ana iya auna cutarsa, amma "bil'adama" ba a nuna ta da yatsa. Giskard bai da tabbacin ya yi daidai, wannan shakka ta kashe ƙwaƙwalwarsa. Kafin ya tsaya ya miƙa wa Daneel baiwarsa.

Masu karatu sun rabu a kan wannan doka. A ganinmu ita ce wuri mafi ban tsoro a jerin duka, ko da yake Asimov ya rubuta ta da tausayi: na'urar da aka ƙera don ta bi umarni ta ba kanta izinin yanke wa duniya hukunci a ɓoye. Irin tunanin ya fara leƙowa tun a "The Evitable Conflict" na 1950, inda manyan kwamfutoci masu tafiyar da tattalin arzikin duniya ke ture masu adawa da su gefe cikin ruwan sanyi.

Ta yaya aka haɗa su da Foundation, alhali babu mutum-mutumi ko ɗaya a littattafan Foundation na farko?

Da farko ba a haɗe suke ba. Labaran Foundation sun fito a mujalla tsakanin 1942 da 1950, aka buga su littattafai uku a 1951, 1952 da 1953. Labarin rushewar daula ce mai duniyoyi miliyan 25, wadda Asimov ya gina bisa tarihin faɗuwar Rum na Edward Gibbon, da masanin lissafi Hari Seldon da ke son rage zamanin duhu daga shekara 30,000 zuwa 1,000. A 1966 jerin ya ci kyautar Hugo ta jerin da ya fi kowanne.

Da ya dawo wa jerin Foundation a 1982 da Foundation's Edge, sai ya ƙudurta ɗinke ayyukansa wuri guda. Dole ya amsa tambayoyi biyu. Ina mutum-mutumi suka tafi? Amsa: zango na biyu na masu ƙaura daga Ƙasa, waɗanda ake kira Settlers, sun ga yadda dogaro da na'ura ya kashe zuciyar Spacers, suka haramta ta a duniyoyinsu. Su ne suka cika taurari, zuriyarsu ta kafa Daula, duniyoyi 50 na farko suka shuɗe. Me ya sa aka manta da Ƙasa? Amsa: shirin da Giskard ya bari ya tafi, da kuma hannun da ya bi ɗakunan karatu yana share duk wani bayani a kanta.

A Foundation and Earth na 1986 matafiya sun bi sawun tsofaffin duniyoyin. Sun tarar da Aurora babu kowa sai karnukan daji, Solaria kuwa mutanenta sun koma ƙarƙashin ƙasa sun sauya halittarsu. A cikin Wata suka iske Daneel, yana da shekara kusan 20,000, an sauya masa kowane sashe na jiki har da ƙwaƙwalwa sau da yawa. Prelude to Foundation na 1988 ya nuna Daneel ne Eto Demerzel, babban wazirin sarki, kuma shi ya tura Seldon kan aikinsa. Forward the Foundation ya fito a 1993, bayan rasuwar marubucin.

Ta ina zan fara?

Akwai hanya biyu, kuma ba ɗaya suke ba. Mai bin tarihin cikin labari zai fara da gajerun labarai, sai dogayen littattafai huɗu, sai na Daula, sai Prelude da Forward, sannan Foundation na asali. Illar wannan hanya babba ce: littattafan share fagen an rubuta su ne don wanda ya riga ya san ƙarshe, suna fallasa sirrin da Second Foundation, na uku a jerin asali, ya gina littafi guda yana ɓoyewa.

Ga sabon mai karatu mun fi ba da wannan tsari: I, Robot, The Caves of Steel, The Naked Sun, sai Foundation uku na asali, sai Foundation's Edge, sannan a koma The Robots of Dawn da Robots and Empire, sai Foundation and Earth, a rufe da Prelude da Forward. Kuskuren da aka fi yi shi ne karanta Foundation and Earth kafin littattafan Baley. Wanda bai san Solaria da Daneel ba, ƙarshen littafin zai zo masa kamar an jefo baƙo daga sama.

Wanda ke da lokacin littafi ɗaya tak, ya ɗauki The Caves of Steel.

Dole ne a karanta littattafan Daula uku?

A'a. Pebble in the Sky na 1950, The Stars, Like Dust na 1951 da The Currents of Space na 1952 kowanne labari ne mai zaman kansa, babu jarumin da ya ratsa su. Na farkon ya fi amfani saboda yana nuna Ƙasa mai tururin guba a ƙarƙashin mulkin Daula. Ko Asimov da ya jera su a gabatarwar Prelude to Foundation ya sa The Currents of Space gaban The Stars, Like Dust, alhali abin da ke cikinsu ya nuna akasin haka: a Currents duniyar Trantor, wadda ta zama cibiyar Daula, ta riga ta mamaye rabin taurari.

Akwai wuraren da labaran suka saɓa wa juna?

Da yawa, ɗinki ba ya ɓuya. Littattafan Daula sun ɗora gubar Ƙasa a kan yaƙin nukiliya, Robots and Empire ya ce makirci ne, sai aka ɗauki zancen yaƙin a matsayin abin da mutanen baya suka zata. Wasu gajerun labarai a The Complete Robot ba su shiga tarihin ko kaɗan: "Victory Unintentional" yana da halittu masu hankali a duniyar Jufita, "Sally" kuwa motoci ne masu ƙwaƙwalwa da ba su san Doka ta Farko ba. Shekarun ma sun wuce mu: "Runaround" a 2015 aka ce ya faru.

Sai tsufan kimiyya. Za ka ga injiniya a wata duniya yana lissafi da rula mai zamewa, ana ta shan taba a ofis. Asimov da kansa ya ƙara bayani a bugun baya na littattafan Daula yana neman afuwa kan hasashen da ilimi ya rushe.

Me ya sa babu halittun wasu duniyoyi?

Campbell yana son duk labarin da ya haɗa mutum da wata halitta ya ƙare da fifikon mutum, Asimov kuwa yana jin ƙanshin wariyar launin fata a wannan ra'ayi. Maimakon jayayya da mai sayen labaransa, sai ya cika taurari da mutane zalla. "Blind Alley" na 1945 ne fitaccen togaciya a zamanin Daula.

Littattafan da wasu suka rubuta fa?

Wasu an yi su da amincewarsa tun yana raye, wasu kuma da izinin magadansa bayan rasuwarsa. Roger MacBride Allen ya rubuta Caliban a 1993, Inferno a 1994 da Utopia a 1996, inda ya gwada sababbin dokoki da mutum-mutumin da ba shi da doka ko ɗaya. Gregory Benford, Greg Bear da David Brin sun yi littafi ɗai-ɗai kan zamanin Seldon daga 1997 zuwa 1999, na Brin ya fi ƙoƙarin ɗaure bakin zaren da ya saki. Mickey Zucker Reichert ta rubuta uku kan ƙuruciyar Susan Calvin daga 2011. Babu wanda ake buƙata don fahimtar na asali.

Finafinan sun bi littattafan?

Fim ɗin I, Robot na 2004 da Will Smith ya fito a ciki ya samo asali ne daga wani rubutun fim daban, aka ɗora masa sunan littafin, dokokin da sunayen wasu mutane. Tawayen dubban na'urori a titi shi ne ainihin abin da Asimov ya ƙi rubutawa, ko da yake hujjar kwamfutar da ta kitsa shi 'yar'uwar Dokar Sifili ce. Bicentennial Man na 1999 da Robin Williams ya fi kusa da tushensa, labarin 1976 na Andrew Martin, wanda ya yi shekara 200 yana neman a amince shi mutum ne, bai samu ba sai da ya yarda ƙwaƙwalwarsa ta mutu. Shirin Foundation na Apple TV+ da ya fara a 2021 ya mai da Demerzel mace, ya kuma ƙirƙiro sarakuna masu kwafin halittar juna, abin da babu shi a littafi.

Ana amfani da Dokoki Uku a na'urorin gaske?

Ba a yi. Don na'ura ta bi Doka ta Farko sai ta san wane ne mutum, mece ce cuta, ta kuma hango sakamakon aikinta da na rashin aikinta. Ba a san yadda za a rubuta waɗannan a matsayin umarnin kwamfuta ba. Ƙirƙirarriyar basira ta yau daga ɗimbin bayanai take koyo, ba a kan ƙa'ida uku aka gina ta ba. Kariyar mutum-mutumin masana'anta kuwa shinge ne, na'urar hango motsi da maɓallin tsayarwa. Tasirin Asimov ta wata hanya ya bi: Joseph Engelberger, wanda kamfaninsa Unimation ya kafa hannun ƙarfe na farko a masana'antar General Motors a 1961, ya ce labaran ne suka ja shi zuwa fannin.

Sun dace da yara? Akwai abin da zai sosa rai?

Gajerun labaran da littattafan shekarun 1950 babu batsa a cikinsu. The Robots of Dawn da Foundation and Earth suna da zancen kwanciya a fili, na manya ne. Asimov bai yi imani da addini ba, kuma a labarin "Reason" na 1941, inda mutum-mutumi ya ƙi yarda mutane suka ƙera shi ya koma bauta wa injin tashar, akwai jimlar da aka gina a kan sigar kalmar shahada. Gara mai karatu Musulmi ya san da ita kafin ya kai wurin.

Wane bugu zan saya don kada in biya kuɗin labari ɗaya sau biyu?

Tarin gajerun labaran suna maimaita juna sosai. The Complete Robot yana ɗauke da duka tara na I, Robot, sai dai babu hirar Calvin da ɗan jarida da ta ɗaure su. The Rest of the Robots na 1964 a bugunsa na farko ya haɗa labarai takwas da dogayen littattafai biyu na Baley, amma bugun aljihu labarai takwas ɗin kawai ke ciki, don haka a duba yawan shafuka kafin a biya. Robot Dreams na 1986 yawancin abin da ke cikinsa ba na mutum-mutumi ba ne. Robot Visions na 1990 ya maimaita tsofaffi da dama, ribarsa ita ce maƙaloli da Asimov ya rubuta kan batun. "Mirror Image" na 1972, gajeren labari na Baley da Daneel da ke faɗowa tsakanin The Naked Sun da The Robots of Dawn, yana cikin The Complete Robot da Robot Visions duka.

Turancin Asimov miƙaƙƙe ne, yawancinsa hira ce tsakanin mutum biyu a ɗaki, wanda ya gama sakandare zai bi shi da ɗan taimakon ƙamus. Littattafan shekarun 1980 sun ninka na farko tsawo, kuma muhawararsu kan ja shafi goma kafin wani ya tashi daga kujera.